Ranar da Liman Ya Fasa Kan Dodo

Cikin duk shekarun da na yi a sashen wasan kwaikwayo, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da wani liman a Ƙaura Namoda ya ɗaga taɓarya a kan kayan aikinmu. Ku da kuka shigo aikin nan bayan kwamfuta ta iya zana kowace irin halitta, ya kamata ku ji yadda muke yi a da.

Lokacin ina mataimakin furodusa a gidan talabijin. Aikin mai wannan muƙami shi ne tanadar duk abin da kyamara za ta gani: wuri, sutura da kayan wasa. An dawo da mu Gusau daga Sakkwato bayan ƙirƙiro jihar Zamfara, kuma ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba. An rufe gidajen sinima, mutane ba su sakin jiki da mai kyamara. A cikin wannan hali aka ba mu aikin fim ɗin wayar da kai kan kurkunu, tsutsar nan da ake sha a ruwan tafki ta fito wa mutum a ƙafa. Za a riƙa nuna shi da majigi a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi kafin damina ta cika tafkuna. Marubucinmu ya mai da cutar dodo mai zama cikin tafki, wanda tace ruwa da ƙyalle ke kora.

Shugaban sashe ya kira ni ya ce, "Malam Bello, dodo nake so, ba mutum da bargo a ka ba. Ka nemo."

Aka kwatanta mini Malam Habu Baduku a Ƙaura. Sana'ar gidansu ɗinkin gafaka, wato jakar fatar da ake sa Alƙur'ani a ciki, kuma da wuya ka sami malami daga Ƙaura zuwa Sakajiki da ba ya rataye da aikinsa. Da wannan yake ciyar da gidansa. Amma a wajen dangin mahaifiyarsa ya koyi yin tandu, wato ɗan tulun fata da ake zuba mai ko kwalli a ciki, kuma wannan ne ya kai ni wurinsa.

Da na gama bayani sai ya ce, "Kai ka taɓa ganin dodon ga?"

Na ce ban taɓa ba.

"To, ni ma haka. Ke nan ba mai ce muna mun yi kuskure."

Rigar dodon ba ta ba shi wahala ba. Ya haɗa fatun awaki da gashinsu, ya rina wuraren da babu gashi baƙi ƙirin, ya bar tsaga a hammata don iska. Ɗan wasan da zai sa ta, Ɗanjuma Dogo, ya zo aka auna shi da igiya. Malam Habu ya zagaya igiyar a kansa, ya dube ta, ya ce, "Wanga kai naka sai an ƙaro yumɓu."

Dogo ya ce, "Kai dai baba, bar mini wurin numfashi. Ina da iyali."

Kan dodon ne aikin gaske, kuma ga yadda ake yi. Ana gina siffar da yumɓu tukuna, da hanci da baki da komai. Sai a jiƙa ƙirgi, wato ɗanyar fatar shanu da ba a jeme ba, a kankare ta ta yi siriri, a riƙa manna ta a kan yumɓun falle bisa falle. Daga nan a shanya a rana. In ta bushe ƙarau, sai a fasa yumɓun daga ciki a zubar, fatar ta tsaya da siffarta. In aka fasa kafin ta bushe, sai ta lotse, aiki ya lalace. Malam Habu ya kafa ƙahonin rago biyu, ya manna fatar, sannan ya ɗora kan a bisa rumfar ƙofar gidansa, inda kullum yake shanya tandu don kada karnuka su kai gare shi. Rumfar kuwa tana kallon hanyar masallacin Juma'a.

Da na komo Ƙaura bayan Juma'ar da ta biyo baya, sai na tarar da shi zaune a zaure, basillar ɗinkinsa a ƙasa, ba ya ɗinkin komai. Ƙusoshin bango da na saba gani cike da gafaka duk babu kome a kansu.

Ya ce, "Malamai sun aiko an kwashe aikinsu, har wanda ban ƙare ba. Wai hannun da ya gina gunki ba shi taɓa gafakarsu."

Na ce masa mu sauko da kan mu farfasa, ni zan san abin da zan gaya wa shugabana.

Ya girgiza kai. "In na hwasa shi yau, na amsa cewa gunki ne ke nan. Kuma hwatar ba ta bushe ba."

Sai muka tafi wurin limamin unguwar, Malam Ɗahiru, dattijo mai magana a hankali. Na yi masa bayanin fim ɗin daga farko. Da na ambaci kurkunu sai ya ja wandonsa sama, ya nuna mini wani tabo a idon sawunsa, ya ce, "Ina saurayi wannan ya hana ni noma damina guda." Sannan ya ce mu je ya gani da idonsa.

Aka sauko da kan. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya tambaya, "Ƙasar da ke ciki fa, mi za a yi da ita?"

Malam Habu ya ce, "Hwasa ta za a yi, Allah shi gafarta Malam. Kamar ta tandu."

"Ashe babban tandu ne mai ƙaho."

Sannan liman ya ce abin da malamai ke ƙi shi ne cikakkiyar sura mai jiki da ake ginawa a aje. Wannan kuwa rushe ta za a yi, abin da zai rage sutura ce. Amma ya kafa sharaɗi. A shanya kan a cikin gida. Kada a yi masa idanu. Ranar fasawa kuma a kira shi, a yi a ƙofar gida bayan la'asar, ba a ɓoye ba.

Na ce, "Malam, in babu idanu, ta ina ɗan wasan zai gani?"

Ya ce, "Ba shi da baki?"

Ranar da fatar ta bushe, mutane suka fito daga sallar la'asar suka biyo liman, don labari ya riga ya zagaya cewa yau zai fasa gunkin Habu. Aka kwantar da kan a bisa buhu, wuyansa a buɗe. Aka miƙa wa liman taɓarya. Ya naɗe hannun riga. Ina tsaye kusa, na ji Malam Habu ya sunkuya yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ta ciki, Malam, a hankali. Kiyaye mini hancin."

Liman ya ce, yadda kowa zai ji, "Ni da ni zo hwasa gunki, kai ka koya mini tausai?"

Aka yi dariya. Ya zura taɓaryar ta wuya ya daka, yumɓun ya tsage, ya ƙara, Malam Habu ya kifar da kan, ƙasa ta zubo tsibi guda. Liman ya ɗaga fatar da hannu ɗaya, ya leƙa ciki, ya juya ta ga jama'a su ga babu komai. Sai ya miƙa wa Dogo ya ce ya sa. Dogo ya sa, ya tsaya da ƙahoninsa, sai muka ji daga cikin bakin dodo an ce, "Salamu alaikum." Jama'a suka amsa, wasu na riƙe ciki.

Kafin a watse, liman ya sa hannu cikin babbar rigarsa ya fito da wata tsohuwar gafaka, babu komai a cikinta. Ya miƙa wa Malam Habu a gaban kowa, ya ce, "Maratayin ya tsinke. Gyara mini kahin Juma'a."

Malam Habu ya karɓa da hannu biyu. Ya shiga zaure ya rataye ta a ƙusar farko.

Mun ɗauki fim ɗin a wani tafki kusa da Badarawa. Dogo ya sha tuntuɓe, don ta baki ƙasa kawai yake gani, amma dodo marar idanu ya fi ban tsoro a majigi fiye da mai idanun da muka tsara tun farko. Yawancin malaman sun mayar wa Malam Habu da aikinsu. Akwai ɗaya da bai taɓa komowa ba, kuma Malam Habu bai daina ambatonsa ba.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, mu ma'aikatan fim baƙi ne a ko'ina. Mukan gama ɗauka mu naɗe waya mu koma Gusau, mai sana'ar da ya yi mana aiki kuwa a unguwarsa zai kwana, da sunansa zai fita masallaci. Tun daga ranar, in na kai wa wani aiki, ba na tsayawa ga tambayar yaushe zai gama. Nakan tambaye shi inda zai shanya shi, da waɗanda ke bi ta hanyar.