Wiskin Yaya a Ƙoƙon Surukai

A ƙauyenmu da ke bayan Ƙarfi, in saurayi zai je neman aure, giya ce a gaba, shi yana biye. Mu Maguzawa ne. Rabinmu na zuwa coci, amma ko su ba su taɓa neman mace da busasshen baki ba. Uwar yaro ta dafa, ƙanwarsa ta ɗauki tulu a ka, dattawan gidan yarinya su ɗanɗana. In giya ta yi, magana ta yi.

Bara da kaka, lokacin da soja suka sake karɓe mulki, sabulu ya ɓace daga kanti, Yayana ya tashi neman wata yarinya a hayin rafi. Ƙawata ce, tare muke zuwa itace, kuma tana sonsa har in ta hango shi sai ta manta inda ta ajiye gatari. Shi yana aiki a gidan gurzar auduga na Funtua, kuma tun da ya fara sa wando mai guga yake kallon tulun Inna kamar abin kunya. Inna ta riga ta jiƙa dawa, ya ce ta bari. Ya sayar da kekensa, ya shiga kantin wani ɗan kudu, ya fito da kwalbar wiski ta ƙasar Sikotilan.

Mai kantin ya koya masa yadda ake shanta. Yaya ya yini yana gwada mana da ruwan randa: ya zuba ɗan kaɗan a kofi, ya juya, ya shinshina, ya lumshe ido kamar akuyar da ake sosa wa wuya, ya kurɓa. Na yi dariya har na faɗa cikin kwandon barkono.

Ranar zuwa, ni aka ɗora wa kayan. Na naɗa gammo mai girman tayar mota, na aza kwalba guda a kai, na bi shi. Matan hayi suka fito suna tambayata ko wuyana bai gaji ba.

Dattawa na zaune a gindin ɗorawa. A tsakiyarsu kawun yarinyar, tsoho mai haƙora biyu, wanda duk yankin ke tsoron harshensa. Ana cewa in ya kurɓi giya zai faɗa maka ko matar da ta dafa ta yi faɗa da miji ranar. Muka durƙusa muka gaishe su. Ya dubi kwalbar, ya dubi bayana, ko da sauran kaya na tafe.

"Ɗan nan, shi ke nan? Ko maganin tari ka kawo mana?"

"Giyar Turawa ce, Baba," in ji Yaya. "Babu irinta a Malumfashi."

"Wace mata ta dafa?"

Nan Yaya ya gyara zama, domin ya haddace bayanin mai kanti. Ya ce da tsiro ake yinta kamar tamu, sai dai tsiron sha'ir. Gidaje da yawa kowa ya dafa tasa, a rufe a ganga shekara da shekaru, sannan wani gwani ya haɗa su wuri ɗaya.

A wajenmu, macen da giyarta ta lalace ita ce ke bin maƙwabta da ƙwarya tana roƙon ragowa ta haɗa. Kuma giyar da ta kwana biyu a tulu, ko kare sai ya yi shawara.

"Haɗe-haɗe ce ke nan," in ji tsohon. "Ga tsufa. To, ka san al'ada. Tun da uwar giyar ba ta zo ba, kai za ka fara."

Al'adar ita ce wanda ya kawo giya ya shanye ƙoƙon farko ba tare da ya sauke ba, don a ga babu mugun abu ciki. Wani ya ɗauko ƙoƙo ya tuttula har rabin kwalbar ya tafi. Yaya ya ce, "Baba, wannan kaɗan-kaɗan ake..."

"Kana tsoron abin da ka kawo wa surukai?"

Na ja masa riga na ce, "Yaya, kar ka sha." Ya ture hannuna. Ya hango ƙawata na leƙe ta ramin danga. Ya ɗaga ƙoƙo.

Na rantse na ga hayaƙi ta kunnensa. Ya shanye, ya ajiye, ya yi godiya. Ya fara bayanin gonar da Babanmu zai ba shi, ya kai ga albashi, sai harshe ya ƙi. Ya miƙe, ƙasa ta gudu ta bar shi. Ya faɗi, ya amayar da tuwon safe a kan takalmin uban yarinyar.

Yana kwance a nan, kawun ya zuba ɗan kaɗan a tafin hannu, ya shinshina, ya lasa. Ya daɗe yana tauna babu komai. Ya ce akwai hayaƙi kamar bukkar da aka gasa masara, akwai zuma daga nesa, daga baya wuta ta biyo. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, don tabbatarwa. Sannan ya yanke hukunci: giya ce marar uwa, kuma yaron da ƙoƙo ɗaya ya kayar ba zai riƙe musu 'ya ba. Yana faɗa yana zura kwalbar cikin aljihun rigarsa. Ba wanda ya hana shi, saboda kowa na sa ran kurɓa.

A amalanken shanu na kawo Yaya gida, yara na bin mu da waƙa. Inna ta dama masa kunun tsamiya. Da ya iya tsayuwa ya hau motar Funtua.

Ƙawata ta aike ni wurinsa. Ta ce ya dawo da tulu, za ta sa uwarta ta lallashi dattawa, an taɓa yi wa wasu. Na je har ƙofar gidan gurza na same shi, auduga fal a gashinsa. Na faɗa masa. Ya ce ba zai sake durƙusa wa mutanen da suka ga tuwon cikinsa ba. Na zage shi, ya ba ni biredi.

Ta jira har damina ta wuce. A watan jiya wani ya zo neman aurenta da giya tuluna uku, tsami kamar an matse lemo, kawun ya ce bai taɓa shan irinta ba. Ni aka ce in raka amarya, na ce ƙafata na ciwo.