Ranar da Aka Yi wa Sifaniyancina Ruƙiyya

Ko zan manta komai a duniya, ban da Asabar ɗin da Goggo ta kulle ni a ɗaki. Lokacin ina zaune gidanta a Maje kusa da Suleja, ba aikin fari balle na baƙi. Sai wata ƙawata ta samo mini aikin girki a Abuja, gidan wata baturiya mai jin Sifaniyanci kaɗai. Sharaɗinta guda ne: in zo ran Asabar ƙarfe goma na safe, in faɗa mata da yarenta abin da na dafa jiya.

Sati uku ina koyo a waya. Abin ba wuya. Dafawa ita ce cocinar, sai a yanke wutsiyar ar a liƙa wata: cociné na dafa, cocinaste ka dafa, cocinó ya dafa, cocinamos mun dafa, cocinaron sun dafa. Ni kuwa ban san wata hadda ba sai irin ta makarantar allo, don haka nakan zauna kan tabarma, in rufe ido, ina rangaji ina rerawa. Ban gaya wa kowa ba, wai ina tsoron bakin mutane.

Ashe Goggo tana laɓe tana saurare. Ran Asabar na shirya tsaf, na ɗauki jakata, sai na ji an danna kwaɗo daga waje. Ta riga ta aika a kira malam. Na buga ƙofa, na yi rantsuwa, na ce yaren Turawa ne.

"Na san Turanci in na ji shi, 'yar nan," in ji ta ta taga. "Wannan yaren mutanen ɓoye ne."

Malam ya zo da hayaƙinsa. Don in wanke kaina, na jero masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Bawan Allah ya ƙirga da yatsu, ya juya ya ce wa Goggo, "Hajiya, su biyar ne a kanta."

Ba a sake ni ba sai azahar. Na isa Abuja da la'asar ina warin hayaƙi, maigadi ya ce an ɗauki wata. A mota na yi kukan baƙin ciki har Suleja.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, Goggo tana ba baƙi labarin yadda ta ceto ni, hujjarta kuwa tun ranar ban sake rerawa ba. Na dai koyi darasi: abin da ka ɓoye wa na gida, su za su yi masa fassara, kuma kai za ka sha hayaƙin.