Bargon da na jiƙa a Madawa

Jama'a, wallahi abin ga ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Lokacin ina gyaran firigo, wato firji, da kilim, na'urar sanyaya ɗaki, a Madawa, shekarun da kuran, wato lantarki, bai daɗe da shigowa gari ba. Cikin bazara wani Alhaji mai fataucin albasa ya kira ni, tsohuwarshi na kwance, zafi na neman kashe ta, kilim ɗin kuma da rana ta take sai ya ɗauke.

Dabararmu ita ce a rataya jiƙaƙƙen buhu bayan injin, ruwa na ɗiga bisanshi, iska ta ratsa ta yi sanyi kamin ta shiga, kamar dai randa. To buhu duk albasa ta cinye, sai mai gadin gidan ya kawo mini wani tsohon bargo, na jiƙa na rataya. Nan da nan ɗaki ya yi sanyi.

Sai wari. Kafur da ganyen magarya, ƙarƙashinsu kuma wani ɗoyi mai tada zuciya. Na zagaya baya, na iske korayen ƙudaje sun rufe bargon, ruwan da ke ɗiga na yauƙi kamar kuɓewa. Na taɓa shi, wallahi kamar fatar mutum. Nan na yi amai.

Na ce wa mai gadi, "Malam, ina ka samo wannan ƙazanta?"

Ya ce, "Bayan masallaci, bisa makara. Ai ba mai shi."

Bargon rufe gawa! Ni da hannuna ina hura wa marar lafiya shi. Na fizge shi na shanya bisa katanga, na shiga ɗaki in ba da haƙuri. Tsohuwa, wadda ba ta san an rataya komai ba, ta dube ni ta ce, "Ɗana, maida mishi bargonshi. Ga shi nan kwance gefena, sanyi yake ji."

Ba kowa bisa gadon sai ita, amma rabin katifar sharkaf yake.

Kamin la'asar ta cika. Anka zo ɗaukar bargon a rufe ta, ya wuni cikin ranar bazara, ƙarfe ma ba ya taɓuwa, amma yana ta ɗiga.

Har yau in na ji kafur abinci ba ya shiga. Don Allah, duk tsumman da anka miƙo muku, ku tambayi wa ya rufa da shi kamin ku jiƙa.