Zaren koma a kan farfela

Na daɗe ina son rubuta wannan labari ina fasawa, domin karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron in faɗi kuskure a kan aikin makanikai. Amma wata ranar Juma'a a ƙofar gidana a Yelwa ta ƙi fita daga raina.

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni direba ne a sashen lafiya, ina kai masu allurar rigakafi ƙauyukan Ngaski da mota mai ja da taya huɗu. Gab da damina bak-aksul ɗinta ya lalace, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, aka ɗaura na gwanjo. Tana tafiya, amma ta yi nauyi a hawa. Abin da ya dame ni shi ne, idan giyar gaba da ta baya ba daidai suke ba, ranar da ka sa tayoyi huɗu su ja, za su yi ta jayayya har wani abu ya karye. Ga shi washegari zan ɗauki ma'aikata da magani zuwa bayan Wara, inda babu makanike.

Maƙwabcina Baba Manu, dattijo mai gyaran injin jirgin ruwa, ya same ni ina zagaya motar.

"Sani, ɓarawo kake tsaro ne?"

Na gaya masa damuwata. Na ce, "Baba, sai an kwance an ƙirga haƙoran giyar, ni kuwa ba ni da izini."

"Wa ya ce sai an kwance? Samo mini zaren koma, irin na ragar masunta."

Ya shiga ƙarƙashin motar, ya ɗaure zare a farfelar gaba, wani a ta baya. Farfela ita ce sandar ƙarfen da ke kai juyi zuwa aksul. Ya ja layi da gawayi a jikin taya inda ta taɓa ƙasa. Muka cire giya, muka tura motar a hankali har layin ya sake komawa ƙasa.

"Leƙa ka ƙirga naɗin."

Zaren gaba ya naɗu kusan sau biyar. Na baya sau uku da rabi.

Na kwanta a ƙasa ina kallo: ashe giyar gaba da ta baya ba daidai suke ba. Ƙarfe a rufe, cike da mai, ba a taɓa ko noti ɗaya ba, ga zaren masunta ya faɗi abin da ke cikinsa. Na roƙe shi mu sake.

"Kai da wasiwasi," in ji shi. Amma ya sake ɗaurawa, naɗin bai canza ba.

Bayan la'asar na je wurin shugaban sashenmu, na ce, "Ranka ya daɗe, motar ba za ta je Wara haka ba." Ya sa babban makanike ya buɗe, aka ƙirga haƙora, aka ga aksul ɗin na wata mota ne. Aka ɗage tafiyar har aka samo wanda ya dace.

Tun daga nan na daina ɗaukar mota a matsayin abin da ke ɓoye sirri. Tana faɗa, idan ka san yadda za ka tambaye ta.

Baba Manu ya koma wajen Shanga ban tambaye shi inda ya koyi wannan dabara ba. Duk wanda ya san shi, ko ya san asalinta, don Allah ya sanar da ni.