Motar Da Na Saya A Hannun Surukina

A lokacin da abin nan ya faru ni mai gyaran injin ban ruwa ne a wani ƙauye kusa da Mai Wurno, kuma tun ina yaro ba na iya ganin ƙarfe mai motsi ban so sanin abin da ke cikinsa ba. Matata tana ɗauke da cikin fari bayan mun daɗe muna jira, likita kuma ya ce kada ta kuskura ta haihu a gida, a kai ta asibiti a Sennar da zarar naƙuda ta fara. Da wannan na fake na ce mota nake nema. Amma wadda ta shiga raina ba ta ɗaukar mai ciki ba ce. Wata ja ce mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gajeriya har cikinta na neman taɓa ƙasa. Ta ɗan baffan matata ce da ya tafi aiki Saudiyya, ya bar ta a gidan mahaifinsa a Wad Medani.

Baffan nan shi ya riƙe matata tun tana ƙarama, shi ya ba ni aurenta, ko ido ba na haɗawa da shi. Da na je aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo shayi, sannan ya ce in tashi in duba motar da kyau. Wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake yi in ɗaga murfin injin. Sai na ga in na durƙusa ina leƙen ƙarƙashinta a gabansa, kamar na ce ban yarda da shi ba ne. Na zagaya ta sau ɗaya, na shafa fentin, na ce ai abin da ya fito daga gidan nan ba ya buƙatar dubawa. Cikinta na tashin ƙamshin turaren wuta, ni kuwa na ɗauka karramawa ce. Muka ɗaga hannu aka yi fatiha, kuma a wajenmu in an shafa fatiha ciniki ya ƙare.

Da na kawo ta gida sai ta fara ba ni mamaki, ni kuma maimakon tsoro sai son sani ya kama ni. Gilashin taga ya sauka da kansa. Fitilun gaba su yi gumi daga ciki. Da turaren ya gushe wani warin danshi ya taso. Na ja bel ɗin kujera har ƙarshe, na ga busasshen laka a jikinsa. Na ɗaga tayar ajiya, laka. Na murza shi a yatsa na gane shi sarai, irin wanda nake wankewa kullum daga injinan bakin kogi ne. Na zaro sandar awon mai, man ya yi fari-fari kamar shayi da madara. Ashe motar ta kwana cikin ambaliya har ruwa ya shanye ta. Na canza mai, na goge wayoyin da hannuna ya kai, na ce wa kaina mai gyaran inji ba zai gagara ba. Matata ban gaya mata komai ba, don kada ta ji na zargi baffanta.

Naƙuda ta zo da hantsi, washegarin wani ruwan sama. Shigar da mahaifiyata baya ma sai da aka kwantar da kujera aka tura ta tana faɗa, tana tambayar wane marar hankali ne ya ƙera mota ya manta da ƙofofi. Muka hau hanyar gefen tur'a, wato babbar magudanar ruwan gonaki. Baƙar ƙasar nan tamu in ta jiƙe kowa ya san halinta. Cikin motar ya dinga gogar taɓo, da muka faɗa wani ɗan kwari ruwa ya taɓa ruɓaɓɓun wayoyin, komai ya ɗauke. Na murza makulli, ko tari ba ta yi ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ga matata na murƙususu, ga ni tsaye da sifana a hannu ba ta da amfani. Wani mai amalanken jaki ne ya kwashe su zuwa bakin kwalta, ina biye da gudu cikin taɓo, daga nan muka samu ƙaramar bas.

Allah ya yi da sauran kwana. An yi mata aiki, yarinya ta zo da rai, amma likita ya ce jinkirin ya kusa cinye su duka biyu, matata kuma ta daɗe ba ta miƙe ba. A gadon asibiti na ce ta yafe mini, na faɗa mata maganar lakan. Sai ta ce ai ta sani. Ta je gaishe da baffa bayan ambaliyar, da idonta ta ga kujerun motar a kan rufin ɗaki ana shanya su. Ta ce ta kasa buɗe baki ta tona wanda ya raine ta, ta yi ta addu'a in duba in gani da kaina. Na gani kuwa, na rufe bakina saboda ita, ita ma ta rufe nata saboda shi.

Har yau ban sani ba ko baffa ya san ruwa na kashe mota a hankali, ko ya ɗauka in ta bushe shi ke nan. Ban tambaye shi ba, ba kuma zan iya ba. Abin da zan ce wa masu karatu shi ne, in za ku sayi tsohuwar mota, ku duba mai, ku ja bel, ku ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, ku auna tsayinta da hanyar garinku, duk kafin a ɗaga hannu a yi fatiha. In mai sayarwar wanda kuke jin nauyinsa ne, ku tura bare ya duba muku. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, amma ni ta kusa sa na binne mutum biyu a rana ɗaya.