Shamuwar da Ta Tafi Neman Sani

A gidanmu na unguwar Jurf, idan sanyin Madina ya kama, kakata Inna Dije takan hura gawayi a kasko bayan sallar magariba, ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta a tsakar gida. Tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Damagaram zuwa aikin Hajji, ba su koma ba. Ita tana yi mana Hausa, mu muna mayar mata da Larabci, ba ta taɓa gajiya da mita a kan haka ba.

"To, ga ta nan ta sauka a ƙofarku," haka take farawa. Mu ce ta shigo mu ji.

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta shamuwa. Ban taɓa ganin shamuwa ba, don haka na yi ta katse ta da tambaya, ko ta kai tattabarun Harami girma, ko ana cin namanta. Ta ce in bari ta gama.

Wai shamuwa ce ta tashi zuwa wata ƙasa mai nisa don ta san yadda halittun can suke zama. Ta tambayi bushiya, bushiya ta dunƙule. Ta tambayi kurege, ya ce lafiya lau, ya shige rami. Har ta yi niyyar komawa gida, sai ta tarar da tsohuwar kififiya a busasshen tafki, ƙishirwa na neman kashe ta. Ta riƙa ɗebo mata ruwa da baki daga rafi har ta farfaɗo. Ba tare da an tambaye ta ba, kififiya ta buɗe baki ta ba ta labarin dajin kaf.

"Wanda bai ɗauki tulun mutane ba, ba ya jin abin da ke cikinsu," in ji Inna Dije.

Bayan rasuwarta na tafi Alƙahira karatun ilimin zamantakewa. A ajinmu na haɗu da Hannatu, Kirista daga wajen Jos, wadda kwalejinsu ta mishan ta turo karatun shekara guda. Ban taɓa zama kusa da Kirista ba, kuma Hausarta ta fi tawa nesa ba kusa ba. Abin ya ɗaure mini kai, na yi ta bin ta da ido.

Bincikena a kan matan da yaƙin Sudan ya koro ne, cikinsu har da Hausawa. Duk wadda na tambaya sai ta ce alhamdulillahi kawai. Ita kuwa Hannatu tana aikin sa-kai a ɗakin shan magani na wani coci, kowa ya san ta. Wata rana ta ja ni wurin ɗaya daga cikin matan nan, Hajja Zainaba, tsohuwa mai ciwon suga, ƙafarta ta ruɓe amma ta ƙi asibiti don tsoron a yanke. Kullum Hannatu ke wanke mata gyambon. Da la'asar ta yi, tsohuwa ta nemi a taimaka mata da alwala.

"Wannan kam ban iya ba, 'yar'uwa, naki ne," in ji Hannatu, ta miƙo mini buta.

Ina zuba wa tsohuwar ruwa tana ba ni labarin gidanta da ta baro da 'ya'yanta da ba ta san inda suke ba. Washegari ta yarda muka kai ta asibiti. Yatsu biyu aka cire, ƙafar ta tsira.

Na tambayi Hannatu me ya kawo ta ga wannan wahala. Ta ce a addininsu an umarce su su so maƙwabci, ita kuma ba ta ga inda aka ce a fara tambayarsa addininsa ba.

Har yau ina tunanin abin da Inna Dije za ta ce da ta ji Hannatu ce ta fassara mini tatsuniyarta a aikace. Da zan dawo Madina, Hajja Zainaba ta riƙe hannuna ta ce in gaishe mata da Manzon Allah, in kuma roƙa wa yarinyar nan Hannatu alheri. Na isar da saƙonnin duka biyun.