Ma'aunin Zafi a Bakin Mai Azumi

Mun tashi daga Zariya da asuba, ɗanɗanon sahur bai bar bakinmu ba. Ina rungume da kwalin ma'aunan zafin jiki na kwalba da aka ara mini daga sashenmu, duk ramin da mota ta faɗa sai gabana ya faɗi. Abokan tafiyata fatake ne, sun yi barci tun kafin Kaduna. Doya ta yi araha a Makwa, amma ban saya ba, don ba ni da wanda zan kai wa.

Abin da ya kai ni Ibadan shi ne binciken digirina na biyu. Zafin jikin mutum yana hawa da yamma, ya sauka gab da asuba, kamar da agogo a ciki. Wasu masana na zaton, ban ce tabbas ba, hanta da hanji ma suna da nasu agogon, wanda lokacin cin abinci ke saitawa. Na so in ga ko azumi yana karkatar da shi a jikin fataken da suka saba da tafiyar nesa. Kuɗin tafiya ɗaya aka ba ni, idan na koma hannu wofi shekara ta tafi.

Mun sauka a Ojoo bayan isha'i, na shiga motar danfo zuwa Mokola, na ƙarasa Sabo, unguwar Hausawa, a ƙasa. Wani fatoma mai saukar da 'yan goro ya ba ni ɗaki kusa da zaure.

Washegari da hantsi na fito da kayana. Fatoman ya juya ma'aunin a hannunsa, ya shinshina.

"Ɗan boko, wannan a ina ake sa shi?"

"Ƙarƙashin harshe, Baba."

"Da rana tsaka? Ga shi yana warin sifirit! Oya, maida abinka. Azumin da na faro tun ba a haife ka ba, ba zan ba kwalba shi ba."

Zaure ya ɗauki dariya. Na je wurin limamin unguwa, ya ce in ba a haɗiyi komai ba babu laifi, amma barin shakka ya fi. Rabin maganar na ƙarshe kowa ya riƙe. Na gwada sa wa fatake shi a hammata a Kasuwar Shasha, gumi da zafin rumfa suka ɓata awon. Bayan shan ruwa kowa ya miƙo baki, amma bakin da ya sha kunu mai zafi ya ɗora goro, ƙarya zai faɗa wa ma'auni. Wani tela Bayarabe a Mokola ya yarda da murna, sai dai Kirista ne, ba ya azumi.

Mai azumi ɗaya ya rage mini, wato ni. Na riƙa auna kaina a ɗaki, kuma don kada awon magariba ya ɓaci, dabino da ruwa kawai nake sha, in jira. Ina jiyo mutanen gidan a zaure suna ta barkwanci, Hausa da Yarbanci a cakuɗe, ni kuwa bakina a rufe da kwalba. Kafin in fito an naɗe tabarma. Uwargidan fatoman, mai tuyar ƙosai a cikin gida, takan aiko mini nawa a rufe. Ban taɓa ganin fuskarta ba.

Abu ɗaya na lura da shi. Rana tana jinkirin faɗuwa a Ibadan fiye da Zariya. A kwanakin farko cikina yakan fara ƙugi a lokacin gida, ladan bai ko yi alwala ba. Sannu a hankali ya koyi jira.

Da na dawo, malamina ya duba takarduna ya ce mutum ɗaya ba bincike ba ne. Gaskiya ya faɗa. Na koyi cewa kafin ka auna mutane, ka fara zama a tabarmarsu. Kuma tun da shakkar ta shige ni, ina jin zan rama azumin kwanakin nan.

Watan azumin bai ƙare ba tukuna. Jiya aka kira magariba a Zariya, mahaifiyata ta ajiye mini kunu, na zauna ina kallonsa. Ban ji yunwa ba sai can, wajen lokacin da ake shimfiɗa tabarma a zauren Sabo.